Wata takwas ina jinya, gwaji bai nuna komai ba: ina zan dosa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce, shekarata 36, 'ya'yana huɗu, na goye yana da wata goma sha ɗaya. Wata takwas ke nan ba ni da lafiya: kasala, faɗuwar gaba, zafi a tsakiyar kai da tafin ƙafa, wani lokaci kamar wani abu na tafiya a ƙarƙashin fatata, ga barci ya ƙaurace min. An yi min maganin taifot da maleriya sau huɗu, an ɗebi jini, an yi hoton ciki. Likitan da na gani a ƙarshe ya ce ba ni da komai, tunani ne kawai. A gida wasu na cewa iska ce, wasu na cewa sammu. Kuɗi sun ƙare, haƙurin ma ya kusa. Ina zan dosa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya, ya raya miki yaran.

Ciwonki gaskiya ne. Wadda ta shafe wata takwas ba ta yi barcin kirki ba, gabanta na faɗuwa, ba ta jiran takardar ɗakin gwaji kafin a yarda ba ta da lafiya. Kowane gwaji tambaya ɗaya yake amsawa. Gwajin maleriya ba ruwansa da halin da zuciya take ciki, hoton ciki kuma ba zai faɗa miki ko jininki ya yi ƙasa ba. Saboda haka idan aka ce ba a ga komai ba, abin tambaya shi ne: me aka nema, me kuma ba a nema ba tukuna?

Kuma ba ke kaɗai ba ce, ba kuma rashin kayan aikin asibitocinmu ne kaɗai ke jawo haka ba. A shekarar 1989 wani likita a Amurka, Kurt Kroenke, shi da abokin aikinsa suka bi fayilolin majinyata 1,000 na tsawon shekara uku, suna duba koke-koke 14 da aka fi zuwa asibiti da su, irin su kasala, jiri, ciwon kai, ciwon ƙirji da rashin barci. Kashi 16 cikin ɗari ne kawai aka iya nuna wa takamaimiyar cuta a wani sashe na jiki. A cikin masu irin wannan koke, da yawa sukan warke da kansu, wasu cutar kan fito fili daga baya, wasu kuma matsalar tana ga yadda jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ke sarrafa saƙonnin jiki, abin da hoto ba ya ɗauka. Aikin likita shi ne ya rarrabe a wane rukuni kike, ya kuma sauƙaƙa miki wahala tun kafin a gama rarrabewar.

Bari in tsaya a kan taifot ɗin nan, domin a ganina shi ya cinye miki wata takwas. Gwajin da aka fi yi a ƙananan ɗakunan gwaji shi ne Widal, wanda wani likitan Faransa mai wannan suna ya fito da shi tun 1896. Ba ƙwayar cutar yake nema ba. Alamar da garkuwar jiki ke bari bayan ta taɓa haɗuwa da ƙwayar ko danginta yake aunawa. To duk wanda ya tashi yana shan ruwan rijiya, na famfo ko na 'yan garuwa a Kano, Katsina ko Maraɗi, da wuya a ce jikinsa bai taɓa haɗuwa da su ba. Shi ya sa za a ɗebi jinin ƙato lafiyayye a ga 1:80 ko 1:160 a takarda. Maleriya ita ma kan ɗaga lambar. Taifot na gaske kuwa zazzaɓi ne mai hauhawa kullum, cikin mako ɗaya zuwa uku ya kwantar da mutum warwas, in ba a yi magani ba har hanji yana iya hujewa. Ba ya zama wata takwas a jikin mace tana girki tana shara. Ana tabbatar da shi ne ta hanyar renon ƙwayar daga jini na 'yan kwanaki, abin da ma'aikatan ɗakin gwaji ke kira kalca.

Ɓarnar da wannan laƙabi ke yi ba kuɗin allura da ledar ruwa ne kaɗai ba. Maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su ciprofloxacin da ceftriaxone, idan aka yi ta maimaita su ba dalili, suna hargitsa ciki, suna kuma koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai, ranar da za a buƙace su da gaske su ƙi aiki. Mafi muni, da zarar an ce taifot ne, kowa ya daina bincike. Haka zancen yake ga maleriya. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da magani, kuma ɗan gwajin nan na gaggawa da ake ɗiga masa jinin yatsa yana iya ci gaba da nuna layi biyu har makonni bayan an warke. Ki sayi ma'aunin zafin jiki a kemis, ba shi da tsada. Duk lokacin da kika ji zafin nan, ki auna ki rubuta. In bai kai 38 ba, zafin da kike ji ba zazzaɓi ba ne, kuma wannan kaɗai zai sauya akalar binciken.

Abin da ya fi jan hankalina a wasiƙarki shi ne lissafin watanni. Yaro wata goma sha ɗaya, ciwo wata takwas: ke nan ya fara ne wata uku bayan haihuwa. Da kina gabana, daga nan zan kama.

Zan fara da zuciya, domin ita ce ba ta jira. Akwai raunin zuciya da ke kama mata a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, kuma arewa maso yammacin Najeriya na cikin wuraren da aka fi ganinsa a duniya. Likitocin Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, suka danganta shi da al'adun jego: wankan tafasasshen ruwa, kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa mai tara gishiri a jiki. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna ba al'ada ce kaɗai ba, akwai hawan jini, rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin sinadarin selenium. Alamominsa su ne haki a aikin da bai kai ya kawo ba, kasa kwanciya sai an tara matasai, farkawa cikin dare ana neman numfashi, tarin dare da kumburin ƙafa. Idan kina da ko ɗaya daga ciki, kada ki jira mako mai zuwa. A sa miki abin sauraron ƙirji, a yi ECG, wato gwajin bugun zuciya, a yi hoton zuciya da ake kira eko.

Sai jini. Haihuwa huɗu, ga shayarwa, ga al'ada in ta dawo, duk suna zuƙe sinadarin ƙarfe da jiki ke ƙera jini da shi. Macen da ba ta da ciki, idan awon haemoglobin ya yi ƙasa da 12, tana da ƙarancin jini. Amma akwai abin da ake yawan tsallakewa: PCV, awon yawan jini da aka saba yi, na iya fitowa daidai alhali rumbun ƙarfen jiki ya ƙare. Gwajin ferritin ne ke nuna wannan. Mai irin wannan matsala takan ji kasala, bugun zuciya, jiri in ta miƙe, gashi na zubewa, wani lokaci da kwaɗayin tauna ƙanƙara ko cin farar ƙasa. Akwai kuma wani yanayi da ƙafafu ke damun mutum da dare, ya ji kamar kiyashi na yawo a cikinsu, ba ya samun sauƙi sai ya motsa su ko ya tashi ya taka. Wannan yana da alaƙa sosai da ƙarancin ƙarfe, kuma mata da yawa an kai su wajen cire jifa a kansa. Maganinsa ƙwayar ƙarin jini ce da ake sha watanni, ba kwana goma ba, kuma ba a haɗa ta da shayi, domin shayi na hana hanji tsotse ta.

Na uku shi ne ƙullin nan na gaban wuya wanda in ya kumbura ake cewa maƙoƙo. Kusan mace ɗaya cikin ashirin yakan rikice mata a shekarar farko bayan haihuwa, ba tare da wuyan ya kumbura ba. Da farko yakan yi aiki fiye da ƙima, sai bugun zuciya, jin zafi, zufa, rawar hannu, rama da rashin barci. Bayan wasu watanni ya koma ƙasa, sai nauyin jiki, jin sanyi da mutuwar zuciya. Gwaji guda ne, TSH, kuma in ba likita ya rubuta shi da sunansa ba, ba ya cikin gwajin jinin da aka saba yi.

Zafin tafin ƙafa yana sa a auna suga da safe kafin a ci komai. 126, ko 7.0 a ɗaya ma'aunin, shi ne iyakar da ake fara zancen ciwon suga. Ƙarancin bitamin B12 ma na kawo shi. A auna hawan jini a ranaku daban-daban, a duba ƙoda da fitsari, a yi gwajin HIV da ciwon hanta ko da an yi lokacin awon ciki. In akwai tari na fiye da mako biyu, zufar dare ko rama, gwajin majina na tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. In kina shan madarar shanu ko ta raƙumi da ba a tafasa ba, ki faɗa, domin akwai cutar da ake ɗauka daga dabbobi mai zazzaɓi mai zuwa yana komawa da ciwon gaɓɓai, kuma sau da yawa taifot ake ce mata.

Ranar da za ki je asibiti, ki zuba duk abin da kike sha ko shafawa a leda ki tafi da shi, har wanda kike jin nauyin nunawa. Na sha zazzage irin wannan leda a kan tebur in ga amsar tana ciki: ƙananan fararen ƙwayoyi a ƙulle ba suna, waɗanda mai kemis ya haɗa na ciwon jiki, kwalbar maganin ƙiba, garin gyaran jiki da aka saya a gidan biki, man shafawa mai sa haske. Sau da yawa haɗin ƙiba akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki, wasu mayukan bilicin ma akwai danginsu. Suna kawo rashin barci, bugun zuciya, hawan jini, suga, kumburin fuska da sauyin hali. Wadda ta daɗe tana sha kuma ba a yanke mata lokaci ɗaya, sai likita ya riƙa ragewa a hankali, domin yankewar na iya kayar da ita. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac, ibuprofen da piroxicam suna cin bangon ciki, su zubar da jini a ɓoye, su taɓa ƙoda. Ko farasitamol, wanda ke shan sa kwana 15 ko fiye a wata saboda ciwon kai, maganin da kansa yana iya zama mai riƙe ciwon kan. Goro, kofi, shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari su ma a lissafa su.

Yanzu ga maganar tunani. Likitan da ya ce miki tunani ne kawai ya sallame ki, bai kyauta ba, ko da akwai ƙamshin gaskiya a zancensa, domin ya faɗi abin a matsayin rufe ƙofa alhali shi ma ciwo ne mai suna da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na fama da matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. A wajenmu kuma damuwa ba kasafai take zuwa da kuka ba. Ta jiki take fitowa. Tun 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa, Raymond Prince, ya bayyana ɗalibai a kudancin Najeriya masu kukan zafi a ka da jin abu na yawo a cikinsa, kuma har yau waɗannan kalmomi muke ji a ɗakin duba marasa lafiya.

Ga yadda abin ke faruwa. Idan hankali ya daɗe a tashe, jiki na zama cikin shirin ko-ta-kwana dare da rana. Sinadarin adrenaline na ƙara bugun zuciya, shi ne faɗuwar gaban. Numfashi na yin sauri ba tare da mutum ya lura ba, iskar da ya kamata ta saura a jini ta ragu, sai yatsu da leɓɓa su ɗauki tsikari, kai ya yi fayau. Naman wuya da na fatar kai na ɗaurewa, sai a ji nauyi ko zafi a tsakar ka. Rashin barci kuma na rage juriyar jijiyoyi, abin da jiki ba ya kulawa da shi a da ya koma ciwo. Sai tsoro ya shigo: ko zuciyata ce za ta tsaya, ko ciwon daji ne, wa zai riƙe min yara? Tsoron ya ƙara bugun, bugun ya ƙara tsoron. Duk wannan a cikin nama da jini yake faruwa, ba ƙirƙira ba ce, ba kuma raunin imani ba ne.

Ki tambayi kanki tsakani da Allah: a mako biyun nan, yawancin kwanaki zuciyarki a cunkushe take? Abubuwan da kike jin daɗinsu a da, hira, kwalliya, zuwa biki, wasa da yaro, sun fita daga ranki? Kina farkawa tun kafin asuba ki kasa komawa? Akwai abin da ke ci miki tuwo a ƙwarya a gidan, bashi, kishi, rashin da aka yi, miji da ya yi nisa? In amsar e ce, ki faɗa wa likita da bakinki. Akwai magani ta hanyar zama da ƙwararre a yi magana, akwai kuma ƙwayoyi irin su sertraline, wanda mai shayarwa na iya sha, ko amitriptyline kaɗan da dare, wanda ke taimakon barci da zafin jijiya. Sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ji bambanci, don haka kada a yar da su a kwana biyar. Ba sa kama mutum irin kamun tramadol ko diazepam, waɗanda nake roƙonki kada ki karɓa daga hannun mai kemis don neman barci. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano da na Maiduguri, yawancin masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa su koma bakin aikinsu. Malamai ne, 'yan kasuwa da matan aure irinki.

Sai dai kada a yi miki zaɓi tsakanin biyun. Mace na iya samun ƙarancin jini da ciwon damuwa a lokaci guda, ɗaya na ƙara wa ɗaya nauyi. Ba daidai ba ne a ce sai an gama duk gwajin duniya kafin a kula da hankalinki, ba kuma daidai ba ne a ce tunda akwai damuwa an rufe binciken jiki.

Ilimin likitanci shi ma bai gama sanin komai ba, kuma abin da aka ɗauka tabbas yakan sauya. Shekara da shekaru ana cewa damuwa da yaji ne ke kawo gyambon ciki, har zuwa 1982 da Barry Marshall da Robin Warren a Ostireliya suka gano ƙwayar cutar H. pylori mai haddasa shi. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya sha ƙwayar da kansa a 1984 ya kamu, kuma a 2005 aka ba su kyautar Nobel. Mu ma nan gida muna da namu darasin mai ciwo. A 2010 yara suka riƙa suma suna jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara. An yi ta maganin maleriya ba sauƙi. Sai da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da duwatsun zinariya da ake niƙawa a tsakar gida, aka auna jinin yaran, aka ga gubar dalma ce. Yara sama da 400 suka rasu. Amsar tana cikin tambayar da ba a yi da wuri ba: me ake yi a gidan? Don haka ki duba naki. Akwai wani mai irin alamominki a gidan? Janareta na kusa da taga? Ana kwana da garwashi a ɗaki a rufe lokacin hunturu? Ana fesa fiya-fiya a kwanta a ciki? Wace sana'a ake yi a tsakar gida, ina ake ɗebo ruwa? Kina samun sauƙi in kika yi kwanaki a gidan iyayenki?

Babbar shawarata ita ce ki daina yawon asibitoci. Na san abin da ke jawo shi: an je nan ba a dace ba, maƙwabciya ta ce akwai wani likita mai kyau can. Amma mai haƙa rijiya da ke yin gaba ɗaya a nan ya tashi, ya yi gaba ɗaya a can ya tashi, ba zai taɓa cim ma ruwa ba. Duk sabon likita daga farko zai fara, da cututtukan da aka fi gani, wato maleriya da taifot ɗin da kika riga kika sha maganinsu. Ki zaɓi wuri guda mai fayil, zai fi kyau sashen likitocin iyali na babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko cibiyar lafiya ta tarayya mafi kusa. In a Nijar kike, babban asibitin ƙasa na Yamai ko na Damagaram. Layi na da tsawo, amma daga can ake tura mutum wajen likitan zuciya ko na jijiya da takarda. Ki nemi a riƙa haɗa ki da likita ɗaya gwargwadon hali. Akwai cututtuka, kamar lupus da ke kama mata masu shekarunki, waɗanda ba sa fitowa gaba ɗaya: bana ciwon gaɓɓai, baɗi ƙuraje a fuska da zubewar gashi. Wanda ya gan ki sau huɗu a shekara shi zai haɗa su.

Ki samu littafin rubutu irin na 'yan firamare. A shafin farko ki rubuta ranar haihuwar yaro, yadda haihuwar ta kasance, ko an zubar da jini da yawa, da watan da kowace alama ta fara. Sannan kullum layi biyu ko uku: awa nawa kika yi barci, me ma'aunin zafi ya nuna, yaushe gaban ya faɗi, me kike yi a lokacin, minti nawa ya ɗauka, me kika sha. Ki riƙa hawa sikeli sau ɗaya a wata. Takardun gwaji duka ki jera su bisa kwanan wata, ki ɗauki hotonsu a waya. Likitan da ke da mutum sittin a layi minti kaɗan zai ba ki, kuma shafi ɗaya tsararre ya fi dogon labari amfani a wannan ɗan lokaci. Ki fara da abin da ya fi damunki, ki kuma faɗi abin da kike tsoro ƙarara. Kafin ki tashi ki tambaye shi me aka tabbatar ba shi ba ne, me ya rage ana zato, wace alama ce in kin gani za ki dawo da gaggawa, kuma yaushe za ki dawo ko ba ta taso ba. Haƙƙinki ne, ba rashin kunya ba.

Yawan gwaji kuma ba shi ne yawan sani ba. Yadda ake tsara iyakar lafiya a yawancin gwajin jini, mutum biyar cikin lafiyayyu ɗari za su faɗo waje da ita. In aka yi wa lafiyayye gwaji iri 20, damar a ga aƙalla guda ya kauce ta haura kashi 60 cikin ɗari. Hoton ciki ma yakan nuno ɗan ƙari a mahaifa ko ƙullin ruwa a ƙwan mace wanda ba shi ne ke damunta ba, a bi shi da kuɗi da fargaba. Ita kuwa na'urar nan da ake ba mutum ƙarfe ya riƙe, kwamfuta ta zayyano masa cuta talatin, sannan a sayar masa da maganinsu a teburin gefe, ba ta auna komai. Kuɗin da za a kashe a can ya isa a yi gwajin jini cikakke, ferritin, TSH da suga.

Akwai alamomin da ba a jiran ranar komawa a kansu: haki ko ciwon ƙirji mai tsanani, suma, shanyewar ɓarin jiki ko karkacewar baki, ciwon kai na farat ɗaya da ba a taɓa jin irinsa ba, jini a tari, a amai ko a bayan gida, baƙin bayan gida kamar kwalta, idanu su yi rawaya, ƙulli a nono ko a wuya, rama ba dalili, da zazzaɓin da ma'auni ya tabbatar na kwanaki. Haka nan idan zuciya ta fara raya miki gara mutuwa, ko ki cutar da kanki ko yaron, ki faɗa wa wanda kika amince da shi a ranar, a kai ki asibiti. Ciwon ne ke kawo wannan tunani, kuma yana tafiya in an yi magani.

Game da iska da sammu, ba zan ce ki bar addu'a ba, ni ma da ita na dogara. Ki riƙe azkar, ki yi wa kanki tofi da ayoyin Alƙur'ani, iyaye su sa ki a addu'a. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya umarce mu da neman magani, ya kuma ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Inda nake ja layi shi ne duk wanda zai ce ki ajiye maganin asibiti, ko ya dake ki da sunan fitar da aljani, ko ya turara ki a ɗaki a rufe alhali ana zargin zuciya, ko ya ba ki abin gudawa da amai kina shayarwa. Haka wanda zai kama sunan kishiya, facala ko uwar miji ya ce ita ta yi miki. Na ga gidajen da irin wannan magana ta raba, daga baya aka gano ƙarancin jini ne, jinin ya dawo amma zumuncin bai dawo ba.

Kafin a kai ga amsa, akwai abin yi. Barci ne kan gaba, kuma a nan ina magana da maigida, in za ki nuna masa: matarka ba raki take yi ba. A samu wadda za ta karɓi yaron wasu darare, a rage mata aikin gida na ɗan lokaci, ka raka ta asibiti ka ji da kunnenka. Ke kuma ki ajiye waya in dare ya yi, domin binciken alamomin cuta a intanet ƙarfe biyun dare ciwon daji da ciwon zuciya kawai zai nuna miki. Ki ci wake, zogale, alayyahu, ƙwai, hanta ko kifi gwargwadon abin da ya sawwaƙa. Ki riƙa ɗan tattaki kullum daidai ƙarfinki, ba ki kwanta kwana uku ba sannan ranar da kika ji dama ki wanke kayan gida duka ki sake faɗuwa. Idan faɗuwar gaban ta taso, ki zauna, ki ja numfashi ta hanci a hankali, ki sake shi ta baki ya fi jan tsawo, na 'yan mintuna.

Yana yiwuwa a yi duk wannan a ce har yanzu gwaje-gwaje lafiya lau. In haka ta faru, an kawar da manyan abubuwan tsoro ke nan, kuma akwai yanayi sanannu irin su fibromyalgia, mai sa ciwon jiki ko'ina da gajiya, waɗanda ake ganewa ta alamomi ba ta jini ba, ake kuma samun sauƙinsu da magani, motsa jiki da gyaran barci. Sai a ci gaba da ganin likita duk bayan wata uku, a sake dubawa in sabon abu ya ɓullo.

Abu ɗaya da ba ki tambaya ba amma dole in faɗa: ku tattauna da maigida a kan jinkirta wani cikin har a gama wannan bincike. Ciki a kan ƙarancin jini wahala ce, a kan raunin zuciyar da bai warke ba kuwa haɗari ne ga rai. Sashen tazarar haihuwa na asibitin da kika zaɓa zai nuna miki hanyar da ta dace da mai shayarwa, kuma ki sanar da su cewa ana binciken zuciyarki da hawan jini kafin su zaɓa miki.